Ƙuri'a Ba Ta Alwala

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar aminiyata Hajiya Zule, mai saida atamfa a Saint-Denis, gefen Paris. Allah Ya kai haske kabarinta. Kwanan nan sai ga 'yan ƙungiyarmu ta mata sun tashi wai za a yi taron tunawa da ita, har da gayyatar manyan unguwa. Ni dai na ce, biri ya yi kama da mutum. Shekara shida ba wanda ya ambaci sunanta, sai yanzu da zaɓe ya ƙarato?

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma abin da idona ya gani ba mai karanta mini shi. Tare da Zule muka kafa ƙungiyar nan, muna neman a bar mu baƙi mu jefa ƙuri'a a zaɓen gari, tunda shararsa da harajinsa ba su tsallake mu ba.

Da muka je babban taro a Lyon, aka buɗe da Fatiha. Rahila, Kirista ce 'yar Maraɗi, ta yi shiru hannunta a cinya. Wata ɗaliba kuma ta ce a daina addu'ar ma baki ɗaya. Ɗaki ya yamutse. Hajiya Indo, ma'ajiyarmu, ta ce a cire su duka biyun, kada su ɓata mana suna a masallaci. Zule ta miƙe, carbi a hannu.

"Yaya Indo, ƙuri'a ba ta alwala. Mu da aka hana magana, mu ne za mu toshe bakin wata? Mai addu'a ta yi, mai shiru ta yi shirunta."

Rabin mata suka fice. A jirgin komawa Paris ba mai zama kusa da Zule sai ni da Rahila. Ciniki ma ya ja baya, har aka riƙa raɗa wai ta bar salla, matar da ta je Makka sau biyu!

Yanzu Indo ce za ta jagoranci taron tunawar. Da Zule na raye, da ta fara tambaya wa aka gayyata. Na tambaya a madadinta. Babu Rahila. Wai mantuwa ce. Mantuwar da ta san ƙofar da za ta tsallake?

Ƙuri'ar har yau ba mu samu ba. Shagon ya zama na wani. Abin da ya rage na Zule shi ne halin nan na matsawa a ba wata wuri a benci, kuma ba a rataye shi a bango. Ranar taro da Rahila zan shiga, hannuna cikin nata. Mai ja, ta zo ta faɗa mini a ido.