Ranar da Saja Garib Ya Karanta Labarin Kansa

Kafin rana ta gama ɗagowa a kan ruwan Suwais, Saja Garib Abul-Makarim ya riga ya dawo daga masallaci, ya ɗora tsohon kwat ɗinsa na soja a kan jallabiya, ko sanyi ake ko zafi. Daga nan sai wurin mai jarida a bakin tasha. Ba ya buɗe ta a hanya. Ya ce wanda ya leƙa jarida kafin ya iso wurin jama'a daidai yake da wanda ya sa hannu a kwano baƙi ba su zauna ba. Sai ya naɗe ta a hammata, ya biyo layin masu kifi, ya tsaya wurin Wadida mai wake ya karɓi gurasarsa, ya tsallaka titi zuwa gidan gahawar Dahshan. Teburinsa na bakin ƙofa, don muryarsa ta kai har inda Wadida take juya tukunya.

Mu kuma muna zaune muna jira. Tsofaffin masunta, 'yan dakon tashar jirgi da baya ya gaji, ni da na bar makaranta tun dogayen kalmomi suna kayar da ni, sai Usta Fanus, kafintan jiragen ruwa, wanda ciwon suga ya cinye wa idanu. Garib zai goge tabarau da gefen kwat, ya kurɓi shayi, ya fara. Haka yake yi tun bayan da ya dawo daga yaƙin tsallake mashigin ruwa da kunne ɗaya da ƙafa mai ja. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya taɓa biyansa. Shayin ma shi yake sayen abinsa.

Ƙa'idarsa guda ce: daga shafin farko har na ƙarshe, ba ya tsallake layi. In ya gama labari sai ya cire tabarau ya faɗi nasa hukuncin, don kowa ya san inda jarida ta tsaya da inda Garib ya fara.

Ni shafin baya nake so, inda ake zuba abubuwan mamaki. Maraƙi mai kai biyu, ruwan sama da wai ya zubo da kwaɗi a wata ƙasa, kifin da aka farka aka sami zoben aure a cikinsa. Irin waɗannan sukan kwana a kaina, in yi ta tunanin matar da ta yar da zoben, ko da gangan ne.

"Saja, don Allah tsallake jawabin ministan nan ka kai mu baya," nakan ce.

"Ku ji shi," in ji Garib. "Gemu ya yi fari, hankali yana wurin maraƙi. Zauna ka sha ministanka yadda muke sha."

"Ka rage murya, kurma," in ji Fanus. "Ba a filin daga kake ba."

"Makaho, kunnen nan a Sina'i na baro shi don irinka su yi barci."

"Da bakin ka baro can, ka dawo mana da kunnen."

Fanus Kirista ne, Garib kuwa ba ya barin sahun farko, amma ban taɓa ganin safiyar da ɗaya ya fara shan shayi bai ji zuwan ɗayan ba. Shafin da Fanus yake jira shi ne na mamata. Da shi yake sanin rumfar ta'aziyyar da za shi da yamma, ta masallaci ko ta coci, domin a ganinsa wanda bai je ya zauna wa mutane ba, ya fita daga cikin mutane. Garib yakan karanta masa sunayen a hankali, da na dangi da na surukai, Fanus yana gyaɗa kai yana cewa, "Wannan na gyara wa ubansa jirgi."

Ra'ayin Garib ba ya lanƙwasuwa. A wurinsa duniya ta fara lalacewa ne ranar da maza suka daina guge wando. In ya karanta an rushe maƙabarta don a wuce da gada, sai ya ce ƙasar da ta tashi matattunta daga barci ba za ta bar rayayyu su huta ba. In ya karanta an mayar da gonaki gidajen bene, sai ya tambaye mu ko siminti za mu dafa. Ba kullum yake da gaskiya ba. Ya taɓa rantsuwa ba zai shiga motar da mace take tuƙawa ba, ya tako da ƙafarsa mai ciwo tun daga asibiti, ya kwanta jinya bayan nan, kuma har yau bai yarda ya yi wauta ba. Amma akwai wata marubuciya da ba ya ƙaunar ko sunanta, mai cewa zamaninsu Garib ne ya jefa ƙasar a rami. Duk ranar da rubutunta ya fito, yakan karanta shi tsaf, da murya mai kyau, ba ya murguɗa baki. Sai ya gama ya cire tabarau ya wanke ta tas. Na tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa. Ya ce, "Fanus ba ya gani. In na rage mata magana, na yi wa makaho sata."

Kowa a layin nan ya san ranar zaɓen da yaran wani ɗan takara suka zo, suka ce akwai wani labari a shafi na ciki game da maigidansu da filin masunta, kada ya karanta. Suka ajiye masa kwalin sigari a tebur. Garib ya ture kwalin da bayan hannu, ya tashi tsaye, abin da ba ya yi saboda ƙafar, ya karanta labarin yana fuskantar titi.

Kuma kowa ya san ranar Wadida. Ɗanta Rida ya bi jirgin masu tsallakawa Turai, an daɗe ba labari. Wata safiya Garib yana cikin karanta sunayen waɗanda teku ta mayar, sai muka ji ya tsaya. Bai tsallake ba, bai kuma faɗa daga nesa ba. Ya naɗe jaridar, ya ja ƙafarsa ya tsallaka titi, ya sauke mata tukunya daga wuta da hannunsa, ya ce, "Zauna, 'yar'uwa." Shi ya faɗa mata. Shi ya tsaya a kan waken har mata suka zo suka tafi da ita, yana zuba wa masu saye.

Kai ne wannan, Garib. Kai ne idon Fanus, kai ne makarantar waɗanda makaranta ta kora. Mun san sunan ƙasashen da ba za mu taɓa takawa ba saboda kai, mun iya yin gardama a kan abin da ya fi ƙarfinmu saboda kai. Ba a ba ka lambar yabo a kan yaƙi ba, ba a ba ka a kan wannan ba.

To ga abin da aka ba ka.

Da tsoho Dahshan ya rasu, ɗansa Shadi ya gaji gidan gahawar. Ya liƙa talabijin mai faɗin ƙofa a bango, ya kawo shisha mai ƙanshin 'ya'yan itace. Bai kori Garib ba, a'a. Wata safiya Garib ya karanta labarin wani attajiri da ya yi wa karensa walima, da mawaƙa da masu rabon abinci. Ya cire tabarau, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya yi magana mai tsawo a kan abokansa da suka mutu da ƙishirwa a cikin yashi, da matansu da suka tsufa suna bin layin burodi. Har ya yi haushin kare, don ya nuna mana wanda ƙasar take girmamawa yanzu. Ashe Shadi yana bayan kanta yana ɗauka da waya.

Abin da ya watsa wa duniya babu abokai a ciki, babu yashi. Haushin kawai ya bari, da hannun Garib yana dukan tebur, ya maimaita shi, ya sa kiɗa a ƙasa.

Cikin 'yan kwanaki gidan gahawa ya cika da fuskokin da ba mu sani ba. Samari da 'yan mata daga unguwannin masu kuɗi, har daga Alƙahira, kowa waya a sama.

"Baba, yi mana na karen!"

"Baba, me za ka ce a kan wandona? Zage shi don Allah, ina ɗauka."

Garib bai fahimta ba da farko. Ya ɗauka karatu suka zo ji, har ya sa aka ƙaro kujeru, ya ce mana, "Kun gani? Yaran ba su lalace duka ba." Wannan maganar ita ta fi ci mini rai har yau. Wadida ce ta tsallako da ludayi a hannu ta sami Shadi.

"Kai, ɗan Dahshan, ba ka jin kunya? Mutumin nan ya ɗauki gawar ubanka."

"Haba Inna, talla ce fa. Baba Garib ya zama tauraro. Ke ma ba ga cinikinki ya ƙaru ba?"

"Allah ya ƙona cinikin."

Sai ga wani ɗan jarida ya zo, mai ladabi, ya zauna da Garib tsawon hantsi, yana ta "ranka ya daɗe". Daga jaridar da Garib yake saye kullum yake. Garib ya ba shi labarin tsallake ruwa, ya faɗa masa sunayen waɗanda ba su dawo ba, ya roƙe shi ya rubuta su daidai. Ranar ya koma gida da fara'a.

Labarin ya fito ranar wata Talata. Mun sha shafin farko, mun sha na wasanni, Fanus ya karɓi mamatansa, aka iso shafina. A sama akwai wata mata da ta haifi 'yan biyar, a ƙasa akwai kunkurun da ya tsere daga gidan namun daji. A tsakiya hoton Garib ne, baki buɗe, hannu a sama. Ni da nake kusa na gani kafin ya kai wurin. Ya karanta na mai 'yan biyar, ya ce Allah ya raya. Sai ya tsaya.

"Me ya faru, kurma?" in ji Fanus. "Tabarau ya faɗi?"

Wadida ta riga ta ji daga masu saye. Ta ɗago murya daga can: "Garib, bar shi. Yau kaɗai, tsallake."

Bai ko dube ta ba. Ya gyara tabarau ya karanta, da muryar da yake karanta ministoci. An rubuta cewa a Suwais akwai wani tsoho da ƙarar bam ta taɓa wa ƙwaƙwalwa tun zamanin yaƙi. Wai kullum yakan zauna yana yi wa jarida ihu yana haushi kamar kare, mutanen unguwa suna saya masa shayi don tausayi, matasa kuma sun mayar da shi abin nishaɗi. An sa masa a baki maganar da bai faɗa ba. Ko sunan mutum ɗaya daga cikin abokansa babu. Sunansa ma an rubuta shi ba daidai ba, kuma haka ya karanta shi, yadda aka rubuta.

Ya cire tabarau. Muka jira zagi, har masu waya sun ɗaga hannu. Bai zagi kowa ba.

"Wannan labari ɗaya ne da na sani tun daga tushe," ya ce. "Ina wurin aka yi shi. Kuma kun ji abin da suka mayar da shi." Ya juya wajen Fanus. "To sauran fa, Usta? Duk waɗanda na karanta maka tun idonka yana gani-gani? Na ce ba zan rage maka ko layi ba. Ashe ƙarya nake ɗauko maka cikakkiya, ban zubar da ko ɗigo ba."

"Zauna, mahaukaci," in ji Fanus. "Saura kunkuru. Na ji ana maganar kunkuru."

Ya karanta masa na kunkurun har ƙarshe. Bai faɗi hukunci ba. Ya ajiye jaridar a tebur, ya biya kuɗin shayinsa, ya fita.

Bai dawo ba. Shadi ya aika masa da kwandon lemo, an mayar masa. Masu waya sun zo na ɗan lokaci, suka ga babu haushi, suka koma neman wani. Na je gidansa na same shi a baranda yana kallon jiragen da ke jiran shiga mashigi. Na ce masa jama'a suna jira. Ya ce, "Ba dariyar ce ta kore ni ba, an yi mini wadda ta fi ta a bariki. Ba zan iya sa bakina a abin da ban yarda da shi ba kuma." Na ce to ko maraƙin nan mai kai biyu ƙarya ne? Ya dube ni da tausayi, ya mayar da idonsa kan jiragen.

A watan jiya wani tsohon abokin aikin Fanus ya rasu a unguwar da ke bayan tasha. Fanus bai ji ba sai da aka kwashe rumfa aka mayar da kujeru. Ya zauna a gidan gahawa yana ta maimaita cewa za su ce ya ƙi zuwa, za su ce ya ƙi zuwa. Talabijin yana ta ihu a kansa, samari a kewaye da shi kowa da labarin duniya a tafin hannu, ba wanda ya karanta masa.

Saja Garib, ba ni da lambar da zan rataya maka, kuma na san wannan rubutun ma ba za ka yarda da shi ba sai ka bincika. Amma mu da muka zauna a gabanka mun shaida: in an yi ƙarya, a can aka yi ta, ba a bakinka ba. Mun gode. Wadida ta gode, Fanus ya gode ko da yake ya ce in gaya maka kai jaki ne. Allah ya saka maka da abin da ƙasarka ba ta saka maka ba.

Ku kuma masu ido da karatu, ba na ce ku zama Garib ba, ba za ku iya ba. Amma Fanus yana nan kowace safiya a teburin bakin ƙofa, ya karkata kunne wajen titi. Wani ya sayi jarida ya je ya zauna kusa da shi. Ba ya neman ministoci, ya haƙura da kunkuru. Shafin mamata kawai za ku karanta masa, shi ne har yanzu ba mu kama da ƙarya ba.