Gidan Zanzaro a Rediyon Inna Saratu

Ban taɓa mantawa da wata Lahadi a damina ta 1957 ba, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen gyaran rediyo na En'e, wato hukumar gargajiya, a Zuru. Maigidana Saje Bawa ne, tsohon sojan sigina, mutum mai dariya kamar ya haɗiyi ganga.

Muna hutawa a zauren gidan Saje sai ga Inna Saratu ta sauko daga ƙauyensu na kan dutse, rediyo a ka cikin ƙwarya. Ɗanta tilo, Ɗanladi, soja ne a Kaduna, shi ya saya mata. Wani abokinsa da ya zo hutu ya gaya mata za a sa muryarsa a shirin gaisuwar sojoji da la'asar ɗin nan, ga shi akwatin sai shuuu yake yi. Shekara uku ba ta ji muryar yaron ba.

Na buɗe bayan akwatin, na ga aika-aika. Zanzaro ya gina gidansa na laka a cikin kondensar neman tasha, ya liƙe ta, ba ta juyawa.

Ga wanda bai sani ba, kondensa farantai ne na ƙarfe a jere, ba sa taɓa juna, iska ce kawai a tsakaninsu. In suka matso kusa, lantarkin da suke riƙewa ya ƙaru. In suka nisanta, ya ragu. In wani abu ya maye gurbin iskar, ko takarda ko busasshiyar laka, riƙon ya ƙaru. Yawan riƙon nan shi ke zaɓen tasha, don haka lakar ta ture rediyon daga kan Kaduna.

Na ɗauko sukuddireba zan kankare, sai Inna ta cafke mini hannu.

"Mi za ka yi, ɗana? Ran da Ɗanladi ya tafi zanzaro ya fara shiga ɗakina. Ba na rushe gidan baƙo, nawa ɗan yana gidan wasu."

Na ce, "Inna, ai ƙwaro ne!"

Ta ce, "Ƙwaron ma ɗan wani ne."

Raina ya ɓaci, ga rana tana karkata. Saje kuwa dariya ya yi har da hawaye. Ya ce, "Kai dai gaggawa gare ka. Laka ta ƙara riƙo, ko? To mu rage shi ta wani wajen."

Ya sa bakin wuƙa ya riƙa buɗa farantan gefe, waɗanda laka ba ta kai gare su ba, kaɗan-kaɗan, ni kuma kunnena na jikin akwatin. Shuuu ɗin ya soma ja da baya. Can sai kiɗan kalangu ya ɓullo, siriri amma ana ji. Na daka tsalle kamar ni aka yi wa albishir.

Maƙwabta suka cika zauren. Da aka zo kan Ɗanladi, ya gaida uwarsa da Hausa, ya ƙara da yarensu. Inna ta rangaɗa guɗa, ta durƙusa tana amsa masa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, har tana tambayarsa ko yana cin abinci. Ni ma sai da na share ido.

Saje ya ce mata, "Inna, daga yau fa tasha ɗaya ke gare ki."

Ta ce, "Ɗa nawa gare ni?"

Tun daga ranar, in aka kawo mini gyara, ba na ɗaukar sukuddireba sai na tambayi mai kayan abin da ba ya so a taɓa.