Jikata da Kakan Gusau

A Legas aka haifi jikata. Mu biyu ne kakanninta maza: ni a Karakkai, sai mahaifin mijin 'yata a Gusau. A gidansa intanet ba ya yankewa. Kullum bayan La'asar ana kiransa ta bidiyo, ya ga rarrafenta, ya ga ranar da ta fara tafiya. Ni kuwa sai na sallami ɗalibaina, na hau tudun bayan gari, na ɗaga waya sama, da ƙyar in ji sallamar 'yata kafin layi ya katse.

Da suka zo Babbar Sallah muka haɗu a gidansa. Na sayo mata awarwaro a kasuwar Bunguɗu, na shiga da wasan da kowane kaka ke yi: "Ina amaryata? Zo ki karɓi lefenki."

Ta dube ni kamar baƙo, ta ruga ta shige cikin babbar rigarsa.

"Malam, ka makara," in ji shi yana dariya. "Tun tana zanin goyo nake zuwa zance. Mijin da ba a ganinsa ai ba shi da mata."

Na taya su dariya, ina istigfari a zuci, amma kishin ya ƙi sauka. Ta ƙi karɓar awarwaron a hannuna, shi ya sa mata.

Har yau, in ji 'yata, idan aka tambaye ta wa ya saya mata, sai ta ce kakan Gusau.