Minjiryar Bayan Ɗakina

Lokacin garin nan Abuja ake ce masa, ba a ma fara maganar Suleja ba. Gidanmu a unguwar Hashimi danga ce, ba katanga. Ni na sari rassan minjirya a hanyar rafi na kakkafa su don su riƙe zana, sai suka kama ƙasa suka zama itatuwa, guda bakwai.

Wanda bai san minjirya ba, da rani zai rantse ta mutu. Ganye duk ya zube, sai ƙaya da tsirara. To a nan ne take fure, ja wur, kamar an yanka rago a kan reshe. Wasu 'yan tsuntsaye masu siririn baki su zo tun da hantsi suna tsotso, ƙudan zuma na ta kuka a kai. Ina daka ina kallonsu. Da damina kuma ta rufe da kore, ƙadangaru su samu gida, in shuka yakuwa a gindinta. Ban taɓa ba ta ko kofin ruwa ba.

Da aka fara aikin sabon birnin tarayya, baƙi suka cika gari suna neman haya. Maigida ya ce zai ja katangar bulo ya fitar da ɗaki biyu. Ban hana ba, gidansa ne. Ina ƙauyen Gauraka a lokacin, 'yata ta haihu ina yi mata wankan jego. Na aika masa da baki cewa a bar mini ko guda ɗaya. Da na iya rubutu a lokacin, da na rubuta masa ta kusa da rijiya, in ja layi a ƙasa.

Shi kuwa ya ce wa magini, wani baƙo daga Kano, ya sare matattun ya bar mai rai, ya tafi kasuwa abinsa. Rani ne kuwa, mutumin ya duba, babu mai ganye ko ɗaya. Ya sare duka, har ya tono saiwa.

Na dawo bayan arba'in na tarar da siminti har bakin rijiya. An tara rassan a gefen murhu. Wallahi a kan tulin nan wasu sun fitar da fure, a kwance, kuma tsuntsayen sun zo.

Na ce wa maigida, "Malam, shekara goma sha kana alwala a gindinta, ba ka san da rani take tuɓewa ba?"

Ya ce, "Ni ban taɓa ɗaga kai ba."

Na zaɓi reshe biyu na kafa a tsohuwar tukunya, tunda babu sauran ƙasa a gidan. Ba su kama ba. Sauran na hana kowa taɓawa har furen ya bushe, sannan na tuƙa tuwo da su. Itacen banza ne ma a murhu, sai hayaƙi.