Goro Biyu a Kan Adakar Kawu

Jiya wani dillalin kayan tarihi ya yi sallama a gidanmu na Birni, wai yana son ganin takardun marigayi kawuna. Na ce ban san zancen ba. Wa ya gaya masa?

Tsofaffin takardun tallar wasan Turawa ne, masu hoton wasu 'yan biyu da aka haifa manne da juna, ana nuna su ga 'yan kallo. Kawu ya tara su a adaka mai warin kafur. Duk Juma'a yakan ɗora goro biyu, girmansu ɗaya, a kan murfin. Mu dai tsafi muka ɗauka.

Rannan na kasa haƙuri. "Kawu, wannan ba shirka ba ce?"

Ya daɗe yana kallona. "'Yan biyu ba a ba ɗaya a hana ɗaya. Waɗannan kuwa kallo kawai suka sha."

Sai ranar sadakar bakwai ɗinsa innata ta faɗa mini shi ma ɗan biyu ne, ɗan'uwansa bai kwana duniya ba. Har yau ban san goron na wa ne ba.

Adakar dai ba ta barin gidan nan. Allah ya jiƙan Kawu, ya sada shi da ɗan'uwansa inda ba 'yan kallo.