Abin da Baba Ya Faɗa wa Kyanwarsa

Ranar Litinin da hantsi ina duƙe a fadama ina dashen albasa, na ɗaga kai na hango Yaya Buhari, wan matata, ya jingine babur ɗinsa a gindin giginya. Bai ƙwala mini kira daga nesa ba kamar yadda ya saba. Ya biyo gefen fangali a hankali don kada ya take iri, hularsa a hannu. Sai da ya zo dab da ni ya tsuguna, ya ce, "Baba ya cika, bayan sallar asuba." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Akwai ɗan iri guda a hannuna, na ga hannun ya dasa shi, ya danne ƙasa a gindinsa, ban san na yi ba. Jiya da la'asar na je gaishe shi, zazzaɓin kwana uku ya sauka, har ya sha kunu.

Surukina ne, mahaifin matata Rabi. Ban taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yau ba. Mutanen Gehuru sun san shi da Mai Rudu, saboda rudu, wato ɗan rumbun karan da muke ajiye albasa a ciki, nasa ba ya ruɓar da kaya. Yakan bi ta gefen rudun mutum, ya ɗan tsaya, ya shaƙi iska, ya wuce. Da yamma sai ya sami mai rudun shi kaɗai ya ce masa ya buɗe kusurwar gabas. In an buɗe a tarar da ruɓaɓɓiya guda uku ko huɗu. Yakan ce, "Albasa daga ciki taka ruɓewa, wanda yaj jira shi gani da ido ya makara." Fatake daga Aliero ba sa kwance buhunsa su duba, don sun san ba ya jera manya a sama ya ɓoye ƙanana a ƙasa. Da wani ya ba shi shawarar ya yi kamar kowa, cewa ya yi, "Bakin buhu da gindinai uwa ɗaya uba ɗaya."

Ni mutumin Sarandosa ne. Na zo Gehuru ƙwadago a shekarar da aka yanke mana jihar Kabi daga Sakkwato, Baba ya ga aikina, ya ara mini gona, daga baya ya ba ni 'yarsa ta fari. Tun daga ranar ɗaurin aure magana ta ƙare tsakaninmu, kamar yadda al'ada ta tanada. In na zo, in tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, in durƙusa, idona a ƙasa. "An kwana lahiya?" "Lahiya lau, Baba." Shi ke nan. Ban taɓa cin ko goro a gabansa ba. Shi ma ba ya kiran sunana, Na-Sarandosa yake cewa, kuma ko wannan sai a bayan idona. Shekara uku muna haka, kowa yana ganin girman kowa.

Yana da kyanwa, mu nan mussa muke cewa, baƙa mai farin ƙirji, yana kiranta Magajiya. Shekara tara tana tsaron rumbunan gero. A ƙarshen damina ta fara canzawa. Tana ci kamar an aiko ta, tana ramewa. Ta koma kwana a gindin randa, da an buɗe ta miƙe tana kuka. Tafiyarta ma ta sauya, tana taka ƙasa da diddigen baya kamar zomo. Mutanen gida suka ce tsufa ne. Baba ya yi kwana biyu yana bin ta, har ya ga inda take fitsari a bayan rumbu kiyashi ya yi baƙi ƙirin, alhali ga na awaki kusa ba ko ɗaya. Ya tari fitsarin da cokali ya zuba a kwalba, ya sa kyanwar a kwando, Yaya Buhari ya goya shi a babur zuwa Jega ranar kasuwa.

Malamin dabbobin da ke duba shanu a kara ya fara da dariya, don bai taɓa ganin an kawo masa kyanwa daga ƙauye ba. Amma ya tsoma wata 'yar takarda a kwalbar, launinta ya juya, ya daina dariya. Ya ce ciwon suga ne. Ya ce ko dai a bar ta ta ƙarasa, ko a yi mata allura safe da yamma har iyakar ranta. Baba ya ce a koya masa. Aka aiko da maganin daga Birnin Kabi, aka ce ba ya son zafi. Gehuru ba wuta, sai Baba ya binne 'yar tukunya a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin randa, ya sa kwalbar ciki. Dokokin ya haddace su kamar karatu: ta ci tukuna sannan allura, in ta ƙi ci ba allura, in ta fara tangaɗi a shafa mata zuma a dasashi, ba tuwo, ba fura, sai kifi da 'yan hanjin da mahauci ke ajiye masa.

Dokar abincin ce ta fi wuya, ba don kyanwar ba, don mutane. A wurinmu mara lafiya kunu ake dama masa. Inna, surukata, ta ji an ce Magajiya ba lafiya, ta dama kunu mai kyau, ta zuba suga don ta ji daɗin sha, ta ajiye mata a bayan ɗaki. Kwana huɗu tana yi, Baba yana allura yana mamakin abin da ya sa ƙishirwar ba ta raguwa. Da ya kama ta da kwanon a hannu, Inna ba ta ga laifinta ba.

"Malam, ina anka taɓa hana ma mara lahiya kunu? Ko arne ba ya yin haka."

"Wanga ciwo, alherinki shi na abincinai," in ji Baba. "In kina son ta, ki yi mata rowa."

Taubashinsa Malam Ɗanjumma kuwa ya sami abin yi. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a zaure. "Likita bokan mussa, an hito aiki? In ta warke ka aura mata miji, mu sha biki." Wata rana ya ce da gaske, mutane ba su sami allura ba, ana yi wa dabba. Baba bai ɗaga kai daga abin da yake yi ba, ya ce, "Shekara tara tana gadin hatsin da kake zuwa kana ci, ba ta nemi lada ba. Kai shekara sittin kana ci, ko ɓera guda ba ka kama ba."

Sati biyu da fara allurar, Rabi ta kawo mini saƙo: Baba ya ce in riƙa zuwa safe da yamma ina riƙe masa kyanwar. Na yi mamaki, gida cike da mutane. Amma ba a tambayar suruki dalili.

Dole a nan in faɗi abin da nake ɓoyewa a lokacin. Tun kafin Magajiya ta kwanta, ni ma ƙishirwa ta kama ni. Ina sha daga bokitin ban ruwa kamar saniya. Kafin in gama fangali biyu na zaga bayan geza sau uku. Mazagin wandona na ƙara masa ƙulli. Na kuma ga kiyashi a inda na yi fitsari, na sa ƙafa na rufe da ƙasa. A Sarandosa na san wani mai wannan ciwo da aka yanke wa ƙafa, kuma ina jin abin da maza ke faɗi a majalisa, cewa mai shi ba ya amfanar iyali. Rabi tana da cikin fari. Tsorona shi ne a sani, a ce Mai Rudu ya ba mara lafiya 'yarsa, ya karɓe ta. Ko ita ban gaya mata ba. Gonata tana jikin tasa, ban yi tunanin mai sansano ruɓa daga bayan rudu yana kallona ba.

Sai ya zama ina durƙushe ina riƙe da kyanwa, idona a ƙasa, shi yana tattaro fatar bayan wuyanta yana magana da ita. Da ita, ba da ni ba.

"Magajiya, ƙishirwa ba abin kunya ba ta. Ke dai da kin ɓoye min, da yanzu mun turbuɗe ki bayan rumbu."

Wata safiya kuma: "Kin gani, kin hwara maida jiki. Ashe abin yana da magani in an tare shi da wuri. Wanda yaƙ ƙi hwaɗi shi aka yanke ma ƙahwa."

Na gane tun ranar farko.  Amma na ci gaba da riƙe kyanwar kamar ba da ni ake ba, shi kuma ba shi da hanyar wuce haka, don suruki ba ya tambayar mijin 'yarsa zancen fitsari. Wata guda cur yana yi wa kyanwa wa'azi, ni ina amsawa da "a huta lahiya, Baba."

Sai kwasa, wato fartanya, ta sare ni a babban yatsan ƙafa. Ƙaramin rauni ne, irin wanda ke warkewa a kwana uku. Ya yi kwana goma sha biyu yana ruwa, gefensa ya fara duhu. A gona ina rufe shi da takalmin roba, amma ba a shiga wurin suruki da takalmi. Ran nan da safe na tuɓe, na durƙusa, na yi ƙoƙarin ɓoye ƙafar a ƙarƙashina. Ya riga ya gani. Ya yi wa Magajiya allurarta, ya sake ta, ya mai da maganin cikin tukunya. Sannan ya juyo ya zauna daidai gabana.

"Usmanu."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Malam Ɗanjumma da ke zaune a gefe ya tsayar da taunar goro.

"Ɗaga kai ka dube ni. Yau ba suruki, gobe mu koma." Ya miƙo mini wata kwalba wankakkiya. "Zaga bayan rumbu."

Na ce, "Baba, lahiyata lau."

"Na jiya. Zaga."

Da na dawo na rasa inda zan sa kwalbar. Ya miƙa hannu ya karɓa, ya naɗe ta da tsumma, ya sa a aljihun babbar rigarsa, aljihun da carbinsa ba ya ciki. Inna tana tsaye a ƙofar cikin gida, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma. Muka shiga motar Jega, kujera ɗaya, kafaɗarmu tana gugar juna. Mun kusa gari na sami bakin magana, na ce in ya tabbata, ba zan riƙe Rabi dole ba. Ya juyo ya ce:

"Da nib ba ka Rabi, ban ce sai kana da lahiya ba. Ɗan da za ta haihwa uba shika so, ko da allura."

A asibiti shi ya ciro kwalbar ya ajiye a kan tebur. Ma'aikacin ya tambaya ta waye ce, ya ce, "Ta ɗana ta." Aka auna, aka ɗebi jini, aka ce da mun ƙara wata guda da yatsan ya tafi, wataƙila har ƙafar. Aka wanke raunin, aka koya mini allura, aka jero mini dokoki. Ban ji sabo ko ɗaya a ciki ba.

Washegari na tuɓe takalmi na durƙusa. "An kwana lahiya?" "Lahiya lau, Baba." Bai sake kiran sunana ba, bai sake ta da zancen ba har ya bar duniya. Sai dai na tarar ya sauya tukunyar ƙarƙashin randa da wadda ta fi girma, mai ɗaukar kwalba biyu. Ni kuma ban yi masa godiya ba. Kullum ina cewa sai na sami yadda zan faɗa ba tare da na sa shi jin nauyi ba. Kusan shekara guda ina nema, ban samu ba.

Ƙafata ta warke da yatsunta biyar. Rabi ta sauka lafiya, namiji, Baba ya yi masa huɗuba da bakinsa. Magajiya tana nan, ta yi ƙiba, ta koma hawa rumbu. Ranar rasuwar, ana tsakiyar karɓar gaisuwa, Inna ta aiko a kira ni, ta ce lokacin allura ya yi kuma kifin yana cikin kwano. Ni nake yi mata yanzu.

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya rufa asirin bawa, Allah ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya haɗa kan Yaya Buhari da ƙannensa, ya dafa wa Rabi, ya raya jikokinsa bisa halinsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.

Na rubuta wannan ne don godiyar da ban yi ba ta zama shaida. Akwai waɗanda za su ce dattijo kamarsa ba zai ɗauki fitsarin surukinsa a aljihu ya ratsa gari da shi ba. Ya ɗauka, kuma ba ni kaɗai na gani ba. Malam Ɗanjumma yana zaure, shi da bai taɓa barin abin tsokana ya wuce shi ba, wannan kuwa bai taɓa ambatarsa ba. Inna tana bakin ƙofa. Yaya Buhari ya tarye mu a tasha da muka dawo. Duk suna raye, a tambaye su. Allah ka karɓi shaidarmu a kansa, amin.