Tiyon da Baba Ya Ɗaure

Kifayen nan ba ni na saye su ba. Wata abokiyar aikina ce, Kirista, da aka yi wa canjin wurin aiki daga Talata Mafara, ta rasa yadda za ta yi da su ta jibge mini: akwatin gilashi, jajayen kifi bakwai, da wata na'ura mai kama da ƙaramin bokiti mai murfi da ke zama a ƙarƙashin tebur. Filta take ce mata. Tiyo ɗaya yana zuƙo ruwa daga akwatin ya kai cikin filtar, ta tace, ɗayan ya mayar. Ta ce muddin tana aiki shiru to lafiya lau, in ta fara tofar da kumfa kuwa iska ta shiga, in aka ƙyale sai injin ya ƙone, ruwa ya ɓaci, kifi su mutu. Na ce to, alhali rabin maganar ta bi ta bayan kunnena.

A shekarar muka ɗauko Baba daga Faru. Zaman ƙauye ya lalace, mutum zai fita gona bai san ko zai dawo ba. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, ni ce babba, ni kuma na kafe sai ya dawo gidana. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a fadama da injin ban-ruwa, yana noman albasa da tumatir, sai ga shi a falo daga shi sai buta da carbi. Kullum da safe in mun gama gaisawa, ya tambayi kwanan maigida da na yara ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, "Uwata, yaushe za a maishe ni gida?" Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. Ni kuma ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Nakan ce, "Baba, don Allah a bar maganar nan," in fice aiki raina a ɓace.

Wata Asabar filtar ta fara. Ta yi ƙugi, ta yi shiru, sai ta furzo kumfa cikin akwatin, kifaye su watse. Na jijjiga ta, na cire wuta na mayar, na ɗora mata duka da tafin hannu, har da zagin wadda ta bar mini wannan jarabar. Baba yana kan darduma yana kallona.

"Bari bugunta," ya ce. "Wanga abu iska shika sha. Hakanan injina ka yi in tiyo ya saki."

Na ce masa wannan ba injin fadama ba ne, kayan Turawa ne. Ya jawo butarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan a kan kowace mahaɗa yana kasa kunne. Da ruwan ya sauka inda tiyon zuƙowa ya haɗu da murfi, ƙugin ya ɗauke na ɗan lokaci. Ya ce, "Ga ɓarawon." Ya murɗa zoben da ke riƙe tiyon har ya kama, ya buɗe murfin ya shafa basilin a robar bakinsa, ya cika filtar da ruwa taf kafin ya rufe. Sannan ya karkata ta hagu da dama a hankali, ragowar iskar ta riƙa fita, har ta koma shiru.

Ranar Baba ya cinye tuwonsa tas. Ya ba maigidana labarin yadda ya taɓa tayar da injin wani mutum a Bakura bayan makanikai biyu sun gaza. Kwana uku bai yi maganar gida ba. A na huɗu ya yi.

Abin da na aikata ba na alfahari da shi. Washegari kafin in tafi aiki, yana masallaci, na sunkuya na sassauta zoben nan rabin murɗi. Da na dawo na tarar da shi ya naɗe hannun riga, fuska a sake, yana yi mini bayanin yadda ya sake kama ɓarawon. Daga nan na mayar da abin sana'a. Yau in sassauta zobe, jibi in goge basilin ɗin robar, wata rana in kwashe ruwan akwatin har bakin tiyo ya kusa fitowa sama ya riƙa zuƙar iska. Ina ce wa kaina ai don shi nake yi. Gaskiya kuwa tsoro nake ji, tsoron ranar da za a kira ni a waya daga Faru.

Na yi wajen wata biyu ina wannan. Sai ranar da na sassauta zoben na tafi, ashe an yi rasuwa a Maradun, maigida ya ɗauke shi sun tafi gaisuwa tun hantsi. Lokacin zafi ne, ga gida a kulle. Filtar ta wuni tana shan iska har ruwa ya daina zagayawa. Da la'asar muka shigo kusan tare, muka tarar da kifi biyu sun juya ciki sama, sauran suna haki a saman ruwa. Baba ya tsame matattun da hannunsa, ya gyara filtar.

Bayan kwana biyu, hadari ya fara haɗuwa a gabas, na dawo na same shi da tsohon tub na tayar babur da reza. Ya yanko doguwar roba siririya kamar tsirkiya, yana naɗe mahaɗar tiyon da ita yana ja da dukan ƙarfinsa, yadda suke yi wa injin fadama. Ya bi har maƙallan murfin ya ɗaure su, ya soke bakin robar a ƙarƙashi inda yatsa ba zai kamo ba.

"Uwata," ya ce, bai ɗago ba, "zobe ba shi kwance kanshi rabin murɗi kullum. Tun na biyu na gane."

Kunya ta rufe ni, sai ta juye ta zama faɗa, don haka nake. Na ce to in ya gane me ya sa ya yi shiru? Na ce so yake ya koma a kashe shi a bar mu da baƙin ciki?

"Na yi shiru don na ga hankalinki ya kwanta," ya ce. "Amma kifin ba su yi miki komi ba. Ni ko ruwa za su sauka, gonata na can."

Na yi kuka, na kira ƙannena a waya, na ce ba da yawuna ba. Ranar Talata, bayan an ci kasuwa, ya hau bayan babur ɗin wani ɗan garinsu da buhunsa a cinya. Na ƙi fitowa rakiya. Ta taga na ga tafiyarsa.

Ba abin da nake tsoro ne ya same shi ba. Zazzaɓi ne, ƙarshen damina, gero ya riga ya nuna. Kwana uku yana kwance, ba wanda ya yarda ya biyo hanya da shi zuwa asibiti a makon, don tsoron 'yan bindiga. Da aka kira ni har an kai shi makwancinsa.

Filtar ba ta sake tofar da kumfa ko ɗaya ba. Sai dai soson tace ruwa da ke cikinta ya toshe, ruwan da take mayarwa ya zama siriri, kuma ba a buɗe murfin sai an yanke robar da Baba ya ɗaure. Maigida ya faɗa mini ya fi sau goma, har reza ya ajiye mini a kan tebur. Kifi biyar suka rage. Duk bayan kwana biyu nakan kwashe musu rabin ruwan da bokiti in zuba sabo, bayana yana ciwo, ina masifa ni kaɗai. Rezar tana nan inda ya ajiye ta, har ta fara tsatsa.